Gyaran da Ya Raba Ni da Tsohuwa

Ni ma na taɓa aikin kwamfuta, mai musu ya je Samaru ya tambaya. Karatuna a firamare ya tsaya, sauran ƙarfina a kan keken ɗinki na ƙarar da shi a Sabon Gari. Amma da jikata ta kai shekarar ƙarshe a jami'a, ni ta ɗauka aiki, ladana kunun gyaɗa.

Wasan kwamfuta take haɗawa, irin wanda ake tuƙa mutum da maɓalli. Ta gina layinmu na Muchia a ciki, har da kwatar ƙofar gida, ta sa wani tsoho mai hula a karkace, wai ni ne. Ta kuma sa kakarta, matata da Allah ya yi wa rasuwa a daminar da ta wuce, da mayafinta ruwan ƙasa, tana zuwa kasuwa tana dawowa.

Injin da ke motsa komai a cikin wasan ba ita ta ƙera ba. Kyauta ta samo shi da tulin rubutunsa, kuma duk jikinsa ciwo ne. Aikina in je ɗakinta a Samaru in yi ta buga tsohon nan da bango, in hau abin da ba a hawa, in faɗi inda ya lalace. Na kuwa iya. Na ratsa katangar maƙwabci ba sallama. Na zurma cikin ƙasa a bakin kwata, na yi ta gangarawa ba iyaka. Wata rana kaina ya ɓace, hula kaɗai ke yawo a titi.

"Tsoho, wannan ai ba matsala ba ce," in ji ta, "dama haka kake."

"Ke dai gyara, 'yar boko. In aka ga angonki ba kai, ke za a yi wa dariya."

Sai ta duƙufa tana bin rubutun layi-layi, ta canza abu ɗaya, kaina ya dawo.

Rannan na tuƙa tsohon ya gogi tsohuwa a kwanar layi. Maimakon su rabu, sai suka manne. Na yi dama, ta biyo ni. Na yi hagu, tana jikin kafaɗata. Haka muka ratsa Sabon Gari kafaɗa da kafaɗa, ta gaban masu kayan miya, ta gaban shagona.

Mu a zamaninmu miji gaba, mata baya. Ko asibiti za mu, ina gaba da 'yar rata, tana biye. Ba wanda ya sa mu, haka muka tarar, kuma kunya ba ta bari a canza. Duk zamanmu ban taɓa jerawa da ita a titi ba sai a cikin kwamfutar nan.

Wannan ciwon ban kai rahotonsa ba. Kullum in na zo sai in ce yau kwanar layi zan bincika. Har dai jikar tawa ta leƙo ta bayana ta gani.

Ta yi mini bayani a hankali. Kowane mutum a wasan yana cikin akwatin da ba a gani. In akwati biyu suka shiga juna, injin ya kamata ya tura su waje, shi kuwa wannan ciki yake ƙara tura su. Kuma ba mu kaɗai ba ne, akuya ma tana manne wa mai babur.

"A bar shi mana," na ce. "Ni babban ma'aikaci na duba, lafiya lau yake."

"In malamai suka gani sun kayar da ni, Baba." Ba ta ce Tsoho ba. "Ciwon a tushe yake, in na gyara na akuya, naku ma ya tafi."

Na tuna wahalar da ta sha kafin ta kawo nan. Na ce ta gyara. Ban kai ga shanye kununa ba ta gama.

Na tuƙa tsohon ya nufi tsohuwa. Ya taɓa ta, ta ɗan goce ta wuce abinta. Da na rasa yadda zan yi, sai na bi bayanta zuwa kasuwa. Muna yin nisa na ga wani abu.

"Ke, 'yar boko, gyaranki ya ɓata wani wuri. Ƙafarta ta hagu tana ja a ƙasa. Rubuta."

Ba ta rubuta ba. Ta dube ni jim kaɗan.

"Ni na sa shi. Haka take tafiya in hanya ta yi nisa. A gida ba ta yi. Ni nake riƙe mata kwando, ina gani."

Na ce to, a bar wannan. Na rage wa tsohon sauri, don kada ya wuce ta.