Yatsan Choji a Bakin Fikaral

Choji ya tuƙa bas a Brooklyn ta Amurka har kansa ya yi furfura, amma a zuciyarsa bai taɓa barin rafukan Barikin Ladi ba, inda ya tashi yana cafke tarwaɗa da hannu. Da ya yi ritaya sai ya koyi fatsa irin ta Turawa: a ɗaura gashin tsuntsu a ƙugiya, a wulwula zare a iska, a saukar da shi a ruwa. Shi da gashin zabo yake ɗaura tasa.

A 2016 aka yi masa aikin zuciya, aka ɗora shi kan maganin tsinka jini. Likita ya ce ko aski ya yi a hankali. Matarsa Lea ta ɓoye reza, ta hana shi zuwa tafki. Mutumin naku kuwa kunnen ƙashi gare shi. Wata Asabar da kaka, ganye ya yi ja yana zuba, ya ce mata ya tafi taron maza a coci, ya zarce tafki. Wayarsa ma a gida ya bar ta don kada ta neme shi.

Da hantsi wani abu ya fizgi zaren a gefen ciyawar ruwa. Fikaral ne, kifin nan dogo mai baki irin na agwagwa. Da Choji ya jawo shi gaɓa, hannunsa ya riga hankalinsa: ya cusa babban yatsa a bakin kifin, yadda yake yi wa tarwaɗa tun yana yaro. Fikaral kuwa bakinsa cike yake da haƙora kamar allurai. Ya yi fizga ɗaya, ya koma ruwa.

Yankan bai kai ya kawo ba, amma jinin ya ƙi tsayawa. Ya naɗe yatsan da hankici, ya jiƙe. Ya cire hula ya danne, ita ma ta jiƙe. Ya waiga, babu kowa sai ganye. Nan tsoro ya kama shi. Abin da ya fi razana shi, zai mutu a nan alhali Lea tana can gida a unguwar Flatbush tana zaton yana coci.

Da kyar ya kai bakin titi, ido na juyawa. "Wayyo Allah!" ya ce, ya zube. Wani direban tasi ɗan Gana, Sumani, ya ji Hausa ya taka birki.

"Papa, ɗaga hannun sama! Kar ka rufe ido, mu je asibiti."

Sumani ya buga wa Lea waya, ta iso asibiti bayan an ɗinke yatsan. Choji ya shirya shan faɗa, amma ba ta ɗaga murya ba. Ta tsaya tana kallon hular.

"Baban Aminci, ka zaci ban sani ba? Wa yake tara maka gashin zabo a kicin?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ba zan iya hana ka ba, na gane," in ji ta. "Amma daga yau duk Asabar ƙafata ƙafarka. Ba zan zauna a gida wani baƙo ya bugo ya gaya mini inda aka tsince ka ba."