Fiyanon Sahabi a gidan inji

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ƙanena Sahabi. A zamaninsa, in aka ji amon fiyano daga ɗakin mutum a Bahindi, coci ake fara tunawa. Yau har a ɗakin jiran asibiti kakan ji shi daga wayar wani, babu mai ɗaga kai.

Sahabi injin casar shinkafa yake da shi. Ƙarar injin ta bar masa wani ƙugi a kunne da ba ya ɗaukewa, ya fi tsanani in an kashe inji, gari ya yi tsit. Ya gwada rediyo, ya ce maganganu suna ƙara masa nauyin kai. A wata tafiya tawa na shiga shagon magani a Paraku, can ƙetaren iyaka, na tarar da kiɗan fiyano zalla, a hankali kamar ruwa na ɗiga daga indararo. Na yi yawo daga Kwatano har Istanbul, na lura can suna kunna kiɗa don mutum ya huta da magana. Mu kuwa, in an kaɗa, jira muke mu ji sunan wa za a kira. Na sayo masa kaset.

Ya ce mini kiɗan ba ya korar ƙugin, zama yake kusa da shi har ya daina jin haushinsa. Bayan azahar yakan kishingiɗa kan buhunan dusa ya kunna.

Sai magana ta tashi. Masu zuwa garin Sagbana fatauci suka ce irin wannan sautin suke ji a cocin can. Abokin wasanmu, wani Basarke mai sayar da kifi, in ya wuce sai ya leƙo: "Sahabi, yau Lahadi ta? Ina farar rigarka ta coci?" Shi da wasa yake yi, wasu kuwa suka riƙe da gaske. Mata suka fara kai shinkafarsu injin garin Kurgu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da matarsa ta tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ko jama'a za su yi masa salla in ta Allah ta kasance.

Na roƙi limamin unguwarmu ya zo ya ji da kunnensa. Ya zauna har fuskar kaset ɗin ta ƙare, Sahabi na ta gumi.

"To, yaushe za su fara waƙar?" in ji liman.

"Allah gafarta malam, ai ke nan duka."

Liman ya ce shi dai ba zai kunna a gidansa ba, amma bai ji an kira sunan wani abin bauta ba, kuma yana ganin Sahabi a sahu kullum. Haka ya maimaita a masallaci. Wasu ba su dawo da shinkafarsu ba har ya rasu, amma ranar jana'izarsa sahu ya kai bakin hanya. Ban taɓa sauke ajiyar zuciya irin ta ranar ba.

Da zai dawo yau, ina jin dariya zai yi, ya ce da ya sani ya jira wayar hannu. 'Yarsa Hajaru ce ke riƙe da injin yanzu. Tana sa wa ma'aikatanta abin toshe kunne, kuma in an kashe inji tana kunna fiyano a fili. A Bahindi an daina auna addinin mutum da wannan kiɗan.