Na Kori Baƙuwar Shekara Bakwai Saboda Kuɗin Ɗaki

A lokacin mijina bai daɗe da rasuwa ba, ya bar ni da 'ya'ya huɗu da ɗakuna biyu a gidanmu na Shahuci, waɗanda nake ba baƙi haya duk Maulidi ko Sallah, kwana uku zuwa mako. Mu biyar ne masu wannan sana'a a layinmu. Kowa na karɓar abin da ya sawwaƙa, wanda gidansa ya cika ya tura wa maƙwabci.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, baƙi suka yi yawa. Sai wani Alhaji da ya gina bene a bakin layi ya bi mu gida-gida, wai mu ninka kuɗi, mu tsaya a kan farashi ɗaya, tunda baƙo ba shi da wurin zuwa. Har fatiha muka shafa. Kwaɗayi ya sa na amince.

Da Maulidi ya zo, wata tsohuwa daga Damagaram, wadda ta shekara bakwai tana sauka wurina, ta iso da tsarabar cukunta. Na faɗa mata sabon kuɗin. Ta kwance bakin zaninta, abin da ke ciki bai kai ba. Ta dube ni ta tambaya ko da gaske ni ce ke faɗa mata haka. Na ce yarjejeniya ce, ba yadda zan yi. Ta ajiye min cukun, ta ɗauki ƙunshinta ta fita cikin rana.

Kwana biyu ɗakunana ba kowa. Rana ta uku na hango tsohuwar tana fitowa daga benen Alhaji. Ashe duk wanda muka kora shi yake tarewa, a tsohon farashi! Da na same shi da maganar, dariya ya yi ya ce, "Hajiya, kasuwa ce." Mutumin da ya ɗaga hannu ya shafa fatiha a ƙofar gidana! Cikin fushi na karya kuɗina rabi, sauran ma suka karya, muka koma ƙwacen baƙi a bakin titi. Har yau ko gaisuwar kirki ba ma yi.

Tsohuwar ba ta sake taka gidana ba. Da na aika neman gafara, aka ce ta rasu.

Ina jin haushin Alhaji, amma na fi jin haushin kaina, don ba shi ya buɗe bakina ba. 'Yan uwa masu sauke baƙi, duk wanda ya ce ku haɗa kai ku matse baƙo, ku fara tambayar kanku wa zai ci ribar. Kada ku wulaƙanta mutumin da ya amince da ku saboda kuɗin kwana uku.