Tanti Rakiya ta tafi, amma ranar Alhamis muna Dogo

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina buɗe atiliye, wato shagona, da safen nan waya ta shigo: Tanti Rakiya ta rasu. Na zauna a kan ƙarfen da zan yanka, na kasa tashi.

Bayan azahar muka kai ta makwancinta. Yanzu na dawo gida, kuma akwai maganar da ba zan kwana da ita a ciki ba.

Ga wanda bai san ta ba, malamar gona ce da ta ajiye aiki. Ni kuma mai walda ne a Kara-Kara. Ranar da ta fara zuwa wurina ta same ni ina walda da baƙin gilashi irin na gayu. Washegari sai ga ta da gilashin walda na gaske a leda.

"Ɗana, idon nan biyu ne kawai, ba a sayar da na canji."

Daga nan ta ja ni taronta.

Ƙungiya huɗu ta haɗa, waɗanda ko gaisuwa ba ta haɗa mu: mu masu walda, mata masu man gyaɗa na garin Dogo, masu lambu na Mirriya, da malaman wata makarantar koyon sana'a. Kowa yana ganin kansa. Malaman suna ganin mu jahilai ne, mu muna ganin su takarda kawai suka iya, matan kuma suna ganin duk mun zo mu ci da guminsu.

Ita ba ta zo da proje na masu kuɗin tallafi ba, ba ta zo da mota ba. Tambaya ta zo da ita.

"Idan man inji ya gagare ku saye, me za ku yi? Idan kuran, wutar lantarkin nan, ya ɗauke ya daɗe bai dawo ba fa?"

Lokacin mai yana da araha. Aka yi dariya. Wani dattijo daga cikinmu ya ce, "Hajiya, sanin gaibu sai Allah."

Ta ce, "Gaskiya ne, Malam. Amma wadda ta ga hadari ta kwashe shanya, ba bokanya ba ce."

Haka muka fara haɗa injin niƙa gyaɗa mai aiki da hasken rana. Malaman suka zana, mu muka yanka muka haɗa, masu lambu suka ara mana panon hasken rana da suke jan ruwa da shi, matan Dogo suka gwada. Na farko ya ƙone. Na biyu ya toshe da tunkuza. Ni da bakina na ce na fita, ba zan ƙara ɓata ƙarfena ba. Ba ta yi min faɗa ba. Ta aiko min da fura, tare da saƙon cewa taron Alhamis a Dogo ne, mota tana tashi da wuri.

Na je.

Da inji ya tashi kuma sai rigimar suna, kowace ƙungiya tana so a rubuta nata a jiki. Ta ce a bar shi ba suna, gyaɗa ba ta karatu.

Sai ga lokacin da ta faɗa ya zo. Mai ya yi wuya, injinan niƙa suka yi shiru. A Dogo namu yana ta aiki, har daga ƙauyukan kusa ana kawo gyaɗa a amalanke. Ban taɓa jin ta ce "ai na faɗa" ba.

Ganina da ita na ƙarshe a gidanta ne, tana kwance a tabarma, ta rame sosai. Na je gaisuwa, ita kuwa riɗi ne a bakinta.

"Ƙasa tana gajiya, ɗana. Idan gyaɗa ta ƙi, injin nan zai iya riɗi? Ku zauna da malaman ku duba tun yanzu. Kada ku jira ni."

Na ce, "Tanti, ki warke tukuna."

Ta yi murmushi ta ce, "Kai dai ka ji."

To ga maganar. Yau a hanyar dawowa daga maƙabarta, wani babba na wani buro, wato ofis, wanda bai taɓa zama taronmu ko sau ɗaya ba, ya dafa kafaɗata ya ce ita ce igiyar, yanzu tsintsiya ta kwance. Wai gara mu kawo injin da zanen buronsu a adana, kafin mu fara faɗa a kai.

Ƙasar kabarinta tana hannuna, sai na wuce shi.

Ga amsa yanzu, ranka ya daɗe: ba za mu kawo ba.

Injin yana Dogo, can zai zauna. Zanen kuwa, duk ƙungiyar da take so, ta zo ta kwafa kyauta, har taku. Amma ba za a kulle shi a kabad ba.

Hajiya Indo, shugabar matan Dogo, ta same ni a gidan gaisuwa, idonta jajir. Ta ce, "Sani, na riga na sayi buhun riɗi. Ka gaya wa malamai."

Na gaya musu. Masu lambu ma sun ce suna tafe Dogo ranar Alhamis.

Za mu yi faɗa, na sani, da ma mun saba. Mai jiran ya ga mun watse ya samu inuwa ya zauna, don zai daɗe.

Ya Allah, Ka ji ƙan Tanti Rakiya, Ka yalwata mata kabari, Ka sa duk digon man da ya fita daga injin nan ya zama haske a gare ta. Ka ba 'ya'yanta haƙuri.

Kai da ka karanta har nan, kada ka wuce haka. Ka yi mata Ƙulhuwallahu, mu kuma ka roƙa mana Allah Ya riƙe kanmu a haɗe.