Birkin Gaban da Malam Sale Ya Cire

Jama'a, yau baburina ya kashe mutum, ni kuwa ina tsaye a ƙasa!

Jiya na ɗauko shi sabo dal, ko ledar sirdi ban ɓare ba. Da safe na kai wa Malam Sale, bakanikenmu na Ƙanƙara, ya duba mani.

Ya ce, "Alhaji, bari in cire birkin gaba. Shi ke tuntsurar da mutum."

Na ce, "Anya, Malam?"

Ya ce, "Haba! Duk baburan garin nan ni na cire masu."

Ya zare wayar, ya miƙo mani, ya haye don ya gwada. Ya miƙi hanyar 'Yargoje a guje. Sai ga tifar masu aikin titi ta tare hanya! Ya taka birkin baya kan tsakuwa, taya ta dinga ja, babur ya ƙi tsayawa. Innalillahi! Ya shige ƙarƙashinta.

Direban tifar yana ta cewa, "Wallahi na gan shi yana ta matsa birkin hannu!"

Bayan la'asar muka rufe Malam Sale. Na laluba aljihu zan ciro carbi, sai na ciro wayar birkin.