Fiyata da Maganin Kawu

Har yau idan na wuce masu sayar da fiya a bakin kasuwar Dutsin-Ma sai na kau da kai, don raina ɓaci yake yi. Ni ma na taɓa mallakar bishiyarta a bayan ɗakina. Fari bai kashe ta ba, gara ba ta ci ta ba, akuya ko ganyenta ba ta taɓa lasa ba. Mutane ne suka gama da ita, kuma mutanena.

Wani abokin aikina a makarantar da nake koyarwa ya kawo mini dashen daga Jos cikin baƙar leda. Ya ce mai aure ce, wato an haɗa ta da reshen wadda ta riga ta fara 'ya'ya, idan na kula da ita ba za ta daɗe ba za ta haihu. Na haƙa rami mai zurfi, na cakuɗa ƙasa da takin tumaki wanda ya ruɓe, don ɗanyen taki ƙona saiwa yake. Na kewaye ta da ƙayar aduwa. Da bazara ta kama, na kafa mata rumfar zana saboda ranarmu ta nan ba ta san baƙo ba, na baza ƙaiƙayin gero a gindinta don laima ta daɗe. Ruwan alwalata ma a bokiti nake tarawa in kai mata. Mai ɗakina tana yi mini tsiya wai da safe sai na gaida fiya kafin in gaishe ta, kuma ban taɓa musa mata ba.

A shekara ta uku ta wuce kaina tsawo, gangar jikinta ta yi kaurin muciya, har ta fitar da furen farko. Da hannuna na tsinke furen, ina yi zuciyata na zafi, don abokin nawa ya ce in bar ta ta ƙara ƙwari tukuna, kada 'ya'ya su karya ta. Na haƙura da fiyar bana don in ci ta baɗi.

To a daidai lokacin ne wani mara aikin yi ya saki saƙon murya a waya, wai ganyen fiya idan aka dafa aka sha yana sauke hawan jini. Saƙon ya zaga unguwa kamar wutar kara. Kuma duk unguwar an san gidan da fiya take.

Maƙwabciyarmu ce ta fara aikowa, ganye kaɗan take so. Na tsinka mata da kaina, na zaɓi tsofaffin na ƙasa. Daga nan sai ƙofa ta buɗe. Ina makaranta ake sallama, mai ɗakina kuwa ba ta iya cewa a'a ba, su kuma ba su iya tsinka ba, sai su kama reshe su zuge shi tun daga tushe har tofon. Na dawo wata rana na tarar da ɓarin bishiyar tsirara. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Mai ɗakina ta bari na gama, sannan ta tambaye ni ko ni zan iya kallon idon tsohuwa mai ciwo in ce na hana ta ganye. Ban iya ba. A wurinmu wanda ya hana magani, sunansa ya gama lalacewa, ko da kuwa maganin nan shi ya rene shi kamar ɗansa. Abin da na iya shi ne na sa ƙaramin kwaɗo a ƙyauren ƙayar, na ce duk mai so ya jira ni. Har liman sai da ya yi mini nasiha a kan kwaɗon nan.

Bishiyar ta fara farfaɗowa, sabon tofo ja-ja ya fito. Sai ga Kawu daga Tamawa, wan mahaifiyata, wanda a gidansa na tashi bayan rasuwar mahaifina. Ya zo asibiti karɓar ƙwayoyinsa na hawan jini, ya sauka wurina. Mutumin da ya goya ni zuwa makarantar allo ba zan rufe masa ƙyaure ba. Da zan fita aiki na miƙa masa makullin, na ce ya ɗebi ganye yadda yake so.

Ashe Kawu ya raina ganye. A ganinsa ganye na mata ne da yara, ƙarfin itace yana cikin sassaƙe. Kuma shi ba ya yin abu rabi da rabi. Masu magani suna ɗiban ɓawon gabas da na yamma, shi kuwa da yake ciwon ya daɗe, sai ya ƙara da kudu da arewa. A jikin kuka ko maɗaci wannan ba komai ba ne, akwai fili tsakanin gabas da kudu. A jikin abin da bai fi muciya ba, gabas da kudu da yamma da arewa duk wuri ɗaya ne. Na dawo na ga farin zobe ya zagaye gangar jikin, ɓawo babu ko zare ɗaya da ya haɗa sama da ƙasa.

Na tsaya ina kallo. Kawu yana kan tabarma yana shanya abinsa a faifai, ya ɗago da fara'a.

"Ka gani, ɗana, ban taɓa maka ganye ko ɗaya ba. Na ji an ce kana jin zafinsu."

Wallahi da wani ne, da unguwa ta taru a kanmu ranar. Amma Kawu ne. Na durƙusa na ce Allah ya ƙara sauƙi, ya ce amin, na shige ɗaki na rufe ƙofa.

Na yi duk abin da na sani. Na kwaɓa laka na shafe wurin, na naɗe da tsumma, na ƙara ruwa, na mayar da rumfar zana. Abin da ya fi ci mini rai, ba ta mutu nan take ba. Ta daɗe da ganyenta kore shar, har na fara cewa ko Allah ya yi ikonsa. Sannan suka fara yaushi daga sama, suna zuba kaɗan-kaɗan, ina sharewa kowace safiya. Kafin damina ta faɗi ta zama sanda.

Ban cire ta ba, ban kuma je Tamawa ba sai da sallah ta tilasta mini. Na tarar da Kawu ya yi kyau, yana shan ƙwayoyin asibitinsa safe da yamma, amma duk wanda ya zo gaisuwa sai ya nuna ni ya ce itacen ɗan nan ne ya tashe shi. Ya tambaye ni lafiyar bishiyar. Na ce ta bushe. Ya yi salati, ya jajanta mini sosai, ya ce kowane mai rai da kwanansa. Ya ja carbinsa, sannan ya dube ni.

"To tunda ta riga ta mutu, kada saiwar ta lalace a banza. An ce ta fi ɓawon ƙarfi."

Da na koma gida na ɗauki diga na tone ta da kaina. Saiwar ta yi nisa fiye da yadda na zata, ta bazu har ƙarƙashin katanga, lafiyayya, ta shirya ɗaukar babbar bishiya. Na wanke ta, na sare guntu-guntu, na ɗaure a buhu na ba direban motar Tamawa ya kai masa.