Buba da Ɗan Barewar da Ya Ƙi Gudu

Shekara talatin Buba yana kiwo a gefen dajin Falgore, bai taɓa ɗaga ɗan barewa daga ciyawa ba. Ya san uwar ce ke ɓoye shi, shi kuma ya lafe, ba ya motsi sai ta dawo.

A ranin 1987 wasu magidanta suka cinna wa dajin wuta don farautar gafiya. Buba ya tarar da ɗan barewa a ƙone, daidai inda uwar ta ajiye shi. Ya ɗauko shi, ya dire a gabansu suna babbaka.

"Ga ƙarin nama," in ji shi. "Shi dabba ya ji maganar uwarsa har ya mutu. Ku fa, maganar wa kuka taɓa ji?"